Mai Rubuta Sanarwa, Ina Ka Bar Waƙafi?

Da ku nake, masu rubuta sanarwa a Diffa. Sakataren ofis, ma'aikacin ƙungiyar agaji, mai fassara a gidan rediyo, har da kai matashin da ke kwaso saƙo daga bariki ka watsa shi a WhatsApp. Rubutunku na Hausa ya lalace, kuma sakaci ne ya lalata shi. Yau ban zo da maganar ƙugiyar ƙa da ɗa da ɓa ba, ko da yake nan ma akwai ta cewa. Abin da ya kawo ni shi ne yadda kuke cusa magana goma cikin dunƙule ɗaya, babu aya, babu waƙafi, babu sakin layi, sannan ku miƙa wa wani bawan Allah ku ce ya karanta wa jama'a. Shi kuwa ya yi ta ja, inda numfashinsa ya ƙare nan zai tsaya, ko da a tsakiyar umarni ne.

A wani garin da an ce wannan ƙaramin aibi ne, abin da malaman Hausa za su yi gunaguni a kansa su wuce. A nan ba haka ba ne. Tun ranar 6 ga Fabrairu 2015, da aka kawo hari Bosso da Diffa, aka kuma kafa dokar ta-ɓaci a cikin watan, rayuwar mutumin bakin Komadugu ta koma rataye da sanarwa. Da sanarwa ya ji an hana hawa babur. Da ita ya ji lokacin da za a shige gida da dare, da kasuwar da aka rufe, da takunkumin da aka sa wa cinikin tattasai da kifi da takin zamani. Da ita aka ce mutanen tsibiran tafkin Chadi su fice a watan Mayu na shekarar. Ranar rabon abinci a sansanin Sayam Forage, matakan kariya lokacin da ciwon hanta ya ɓarke a 2017, gargaɗin ambaliya lokacin da kogi ya cika ya ɓalle a 2019, duk ta wannan ƙofa suka shigo. Wanda ya ji sanarwa daidai ya tsira da kayansa. Wanda ya ji ta a karkace yana iya rasa babur, ko rabon wata guda, ko abin da ya fi su.

Ga misali. Ni na tsara shi, amma duk mazaunin garin nan ya taɓa cin karo da ɗan'uwansa:

An hana hawa babur da dare da rana an yarda a shiga kasuwa

To, Malam sakatare, me ka ce? Idan mai karatu ya tsaya bayan "rana", an hana babur dare da rana, kasuwa kuma a buɗe take. Idan ya tsaya bayan "dare", hanin na dare ne kawai, da gari ya waye kowa ya hau abinsa ya nufi kasuwa. Doka biyu ke nan masu karo da juna cikin kalmomi goma sha uku, kuma kai da ka rubuta ka tashi daga aiki ka tafi gida. Manomin Geskeru da ya ji karatu na biyu zai ɗaura buhun tattasai a babur da hantsi, ya yi kiciɓis da jami'an tsaro waɗanda su karatu na farko suka sani. Je ka yi masa bayani a can.

Ga wani, irin na rabon kaya:

Mata masu ciki za su karɓa ranar Litinin maza ranar Talata ba za a ba kowa ba sai da kati

Mai rubutu yana nufin mata Litinin, maza Talata, kuma kowa ya zo da katinsa. Mai karatu da ya ɗauki "maza" a matsayin gaggawa zai ce mata su karɓa ranar Litinin maza, ranar Talata kuwa ba za a ba kowa ba sai da kati. Shi ke nan an shafe ranar magidanta daga sanarwar, mata kuma sun fahimci Litinin ba a bukatar kati. Mace mai ciki za ta tako da ƙafa daga bukkarta a bakin babbar hanya, ta yini a layi cikin rana, a ce mata ina kati. Washegari ku zauna a ofis kuna cewa mutanen nan ba su jin magana. Sun ji. Abin da kuka rubuta suka ji.

Kun manta, ko kun ƙi tunawa, cewa takardarku a yankin nan ba da ido ake cin ta ba. Yawancin manyan da take nufi ba su karatun boko. Wani ne zai karanta musu: ɗan bulama, ko malamin lakwal, ko mai shela, ko mai gabatarwa a rediyo. Sau da yawa ma yana karantawa yana juyawa nan take zuwa Barbarci, ko Fulatanci, ko Tubanci, ko Larabci, domin Hausa a Diffa harshen kasuwa da haɗuwa ce, a gidaje da yawa wani harshen ake yi. Tafinta kuwa ba ya iya juya magana sai ya san inda ta fara da inda ta ƙare. Barbarci ya fi tsananta wannan bukata, tunda a ƙarshen jimla yake ajiye aikatau. Mai fassara dole ya ga gindin jimlar kafin ya buɗe baki. Ka ba shi dunƙule, ka tilasta masa ya yi ta kintace a gaban jama'a.

Wannan matsala tana da magani, maganin kuma tsoho ne, har yana da suna. Masana littattafan dā suna ce masa per cola et commata. Latinanci ne, kalmomin biyu kuma aro ne daga Girkanci: kolon gaɓa ce, kamar gaɓar jiki, koma kuwa guntun da aka yanko. Abin da ake nufi shi ne a rubuta zube gaɓa-gaɓa, kowane yankin magana mai cin gashin kansa a ba shi sadararsa, komai tsawonta komai gajartarta. Faɗin takarda ba shi ke yanke sadara ba, ma'ana ke yanke ta. Wanda ya fi shahara da wannan tsari shi ne Jerom, malamin Kirista da ya zauna a Baitalami yana fassara littattafan Ibrananci zuwa Latinanci a ƙarshen ƙarni na 4, ya rasu a shekara ta 420. A zamaninsa Girkawa da Rumawa kan rubuta haruffa a manne, babu ko tazara tsakanin kalma da kalma, mai karatu sai ya yi bita kafin ya tsaya gaban jama'a. Jerom ya ga ba kowane mai karatu a majami'a ke da wannan ƙwarewa ba, sai ya sassara fassararsa sadara-sadara. A gabatarwarsa ga littafin Ishaya ya ja kunne cewa kada a ga gajerun sadarori a zaci waƙa ce, zube ne, kuma ya ce haka aka saba yi wa jawaban Demostenis da Sisero, gwanayen magana na Girka da Rum. A gabatarwar littafin Ezekiyel ya ba da dalili: ma'ana ta fi fitowa sarari ga mai karatu.

Akwai wani tsarin sadara na dā da ake yawan rikita shi da wannan, wato na ƙidaya. Marubutan Girka da Rum suna da sadarar awo mai gaɓoɓin furuci kamar 16, da ita ake auna girman littafi, da ita ake biyan mai kwafi. Dokar farashin da Sarkin Rum Diyokiletiyan ya fitar a shekara ta 301 ta yanka dinari 25 ga sadara 100 ta rubutu mafi kyau, dinari 20 ga mai bi masa. Wannan sadarar ta lada ce. Wasunku ita suka gada, shi ya sa rahotanninku ke kumbura shafi kan shafi. Wadda nake magana a kai ta mai sauraro ce.

Wani zai ce tsarin yana cin takarda. Lalle yana ci. A wajen shekara ta 700, a gidajen ibada na Wearmouth da Jarrow da ke arewacin Ingila, an kwafi fassarar Jerom cikin wani ƙaton littafi da ake kira Amiyatinus, wanda yanzu yake birnin Florence na Italiya. Yana da ganye sama da 1,000, nauyinsa ya haura kilo 30, kuma a kan fata aka rubuta shi, fatun maruƙa sama da 500. Duk da wannan tsada, masu kwafin sun bi tsarin gaɓa-gaɓa, suka bar fili fari a ƙarshen kowace gajeriyar sadara. Mutanen da sai an yanka dabba kafin su sami shafi ba su yi rowar fili ba. Kai da ke rubutu a salula, sabuwar sadara ba ta cin maka ko dala, taɓawa ɗaya ce da babban yatsa.

Kada ku ce na tsallake gida na je Rum neman hujja. Da gangan na fara da can, don na san wasunku magana ba ta shiga kunnensu sai ta fito daga ƙetaren teku. Hujjar da ta fi kama ku tana nan bakin kogin da kuke ɗiba. Ƙetaren ruwa, ba nisa da Maine-Sorowa, kangon Birnin Gazargamu yake, babban birnin Barno da Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15, ya rayu har zuwa 1808. Wannan ƙasa da rubutun Alƙur'ani aka san ta. Denham, Baturen da ya iso Kukawa a 1823, ya ba da labarin cewa ana ɗaukar Alƙur'anan da aka rubuta a Barno ana kaiwa arewacin Afirka da Masar ana sayarwa da tsada. Har gobe idan ɗan Kano ko Damagaram ya ce ya tafi gabas karatu, kowa ya san inda yake nufi.

Ku samu wani alaramma a Shetimari ko cikin Diffa ku roƙe shi ya buɗe muku gafakarsa. Ba za ku ga kowace aya a sadararta ba, sadarorinsa cike suke daga gefe zuwa gefe. Amma ku duba yadda ya hana mai karatu ɓata. Baƙi da baƙar tawada, wasali da ja, hamza da ɗigon rawaya, alifin sadarwa da ɗigon kore. Ƙarshen aya ƴan ƙawanya uku a haɗe. Aya ta biyar kumsa, ta goma kuri. A gefen shafi zayyana ce ke shaida maka sumuni da rubu'i da nusufi da hizibi da wurin sujada. Tunda ganyen ba a ɗinke suke ba, a ƙasan shafi yakan rubuta kalmar da za ta buɗe ganye na gaba, don ko iska ta watsa su a iya mayar da kowane mazauninsa. Mutum ɗaya, da alƙalamin kara, a zaune kan buzu, ya yi wa wanda bai taɓa gani ba tanadin duk inda zai tsaya da inda zai ci gaba. Takardar da magabatansa suka yi aiki da ita ma daga Italiya take, mai tambarin jinjirin wata uku, sai ta sauka Tarabulus, ta bi Fezzan da Bilma a bayan raƙumi kafin ta iso tafki. Da wannan tsadar suka riƙa barin gefe mai faɗi da tazara tsakanin sadarori.

Tazarar nan tana da aiki. A ƙarshen shekarun 1950 wani masani ɗan Ingila, David Bivar, ya ɗauki hoton wasu tsofaffin Alƙur'anai na Barno, ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da shekarar 1080 ta Hijira, wato 1669. A tsakanin sadarorinsu akwai fassara da ƙananan haruffa cikin tsohon harshen Kanembu, wadda wani masani, Dmitry Bondarev, ya shafe shekaru yana nazari daga baya. Fassarar tana bin Larabcin guntu-guntu, kowane yanki da nasa bayani a kusa da shi. Wannan harshe na malamai bai mutu ba, shi ne Tarjumo da malaman Barno ke fassara da shi har yau: a ja yankin Larabci, a tsaya, a juya shi, a ja na gaba. Mu ma Hausawa mun san abin, ko ba mu san sunansa ba. Duk wanda ya taɓa zama wurin tafsirin azumi ya ga yadda mai jan baƙi ke aiki. Ba ya zuba wa malam shafi guda. Yakan ja daidai abin da zai fassaru, ya yi shiru. Idan ya zarce, malam ya dakatar da shi ya ce koma. Abin da Jerom ya yi da sadara, shi mai jan baƙi ke yi da murya.

Kuma malaman Musulunci ba su bar wannan ga dabarar kowa ba, fanni suka mai da shi, ilimin tsayawa da farawa. Ibnul Anbari, wanda ya rasu a 328 ta Hijira, ya yi littafi a kai. Abu Amr Addani na Andalus, wanda ya rasu a 444, ya yi nasa, ya kasa tsayawa gida huɗu: cikakkiya, wadatacciya, kyakkyawa, da mummuna. A Fas, Imam Alhabɗi, wanda ya rasu a 930, ya tsara wuraren tsayawa da mus'hafan Warshu na Magrib ke bi, don jama'a su iya karatu tare da murya ɗaya. Ku lura da kashi na huɗu na Addani. Akwai tsayawar da sunanta mummuna, domin tana juya ma'ana. Ɗan makarantar allo ya san ayar nan ta Suratun Nisa'i wadda idan ka yanke ta a farkonta za ka mai da ita hani ga salla, alhali hanin yana da sharaɗi a gaba. Ya san ba a tsayawa nan a tashi. Kolo ya san wannan, kai mai digiri ba ka sani ba? Sunayen alamomin da kake rainawa ma, aya da waƙafi, daga tsangaya Hausar boko ta ɗauko su.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kun iya. Na san kun iya, domin na ga Faransancinku. Wane ne a cikinku bai sha jan biro a dikte ba saboda ya manta waƙafi ɗaya? Mushe ya yi ta zaftare maki har abin ya zauna muku a ka. Ku ɗauko kowace takardar doka da gwamna ko perefe ya sa wa hannu: kowane dalili da sadararsa, kowane sashi da lambarsa, fili sama, fili ƙasa, hatimi a mazauninsa. Takardar nan da kanta gaɓa-gaɓa aka tsara ta. Sai an zo juya ta zuwa Hausa, harshen da talaka zai ji ta da shi, sannan a kwashe sassan nan duka a dama su wuri ɗaya, a tura. Wanda zai karanta ta Faransanci yana da ofis da fanka da lokacin maimaitawa, an kuma share masa hanya. Wanda zai ji ta Hausa sau ɗaya zai ji ta, a tsaye, cikin hayaniyar kasuwa, shi aka bar wa dunƙule. Wannan raini ne. Ko ba ku nufa ba, sunansa ke nan.

"Ai an gane." Wannan ita ce amsar da kuka fi so. Wa ya gane? Kai ka gane, don kai ka san abin da ke ranka tun kafin ka rubuta. Abokin aikinka ya gane, don tare kuka fito daga taron. Gwajin sanarwa shi ne baƙon da bai halarci taro ba, bai san ka ba, ba shi da lambarka. Wasu kuma sukan ce ai yanzu saƙon murya ake yi, rubutu ya zama tarihi. Saƙon murya ba a manna shi a bangon likita, ba a kuma nuna wa jandarma shi a shingen hanya. Ballantana mai naɗar muryar ma daga takarda yake karantawa, idan takardar a cakuɗe take muryar ma haka za ta fito. A WhatsApp kuwa dogon saƙo yakan naɗe ƙasansa sai an taɓa, ku kuma a can ƙasa kuke binne rana da wuri, bayan gaisuwa da sunayen manya da godiya ga masu ba da tallafi.

Ku dubi manomin tattasai a fadamar Komadugu. Ba ya kunna inji ya sake wa gona ruwa gaba ɗaya. Ya riga ya kasa ta fangali-fangali, yana buɗe wa wannan ya sha, ya toshe, ya buɗe wa na gaba. Da ya sake ruwan haka nan, da kwari ya nutse, tudu ya bushe, man da ya saya da tsada ya tafi a banza. Yawancinku kuɗin tattasan nan ne ya kai ku lakwal.

Ku ma ƴan rediyo ba ku fita ba. An kawo muku takarda a dunƙule, gaskiya ne, laifin farko na mai kawowa ne. Amma biro yana hannunku. Minti biyu kafin a buɗe makirfo sun isa mutum ya bi takardar ya ja ƴar sanda duk inda zai tsaya, ya kira mai ita ya tambaye shi idan wuri ya shige masa duhu. Churchill, firaministan Ingila a yaƙin duniya na biyu, da ake ta yabon bakinsa, ba da ka yake zubo jawabi ba. A gajerun sadarori ake buga masa shi, kowace da inda zai ja numfashi, takardun suna nan ajiye a Cambridge. Shi bai ga ƙasƙanci a wannan ba. Kai kuwa sai ka shiga da takardar da ba ka taɓa gani ba, ka yi tuntuɓe a tsakiya, ka ce "afuwan", ka koma baya, ka sake tsayawa a wani wurin daban. Mai sauraro a Tumur ya ji karatu biyu, wanne zai ɗauka?

Akwai kuma masu laifin ta ɗaya gefen, kada su ji ina faɗa su yi murna. Su ne masu yanka sadara ba bisa ƙa'ida ba. Na farkonsu mai tsara allon talla da kwamfuta, wanda shi kyan gani kawai ya sani. Zai raba "ba" ta farko da "ba" ta ƙarshe, ya ƙawata tsakiyar da manyan haruffa, har mai wucewa a mota ya karanta umarni inda aka nufi hani. Ka ɗauka an kafa allo a bakin ruwa, an rubuta KADA ita kaɗai a sama, a ƙasa kuma A SHA RUWAN KOGI. Mai karatu yana da haƙƙin ya fahimci akwai kada a ruwan, amma a sha. Na biyunsu matasan Facebook masu ɗaukar zancen yau da kullum su daddatsa shi kalma uku-uku, su sa suna a ƙasa, su ce sun yi waƙa. Ƴaƴana, waƙar Hausa tana da kari, tana da amsa-amo, tana da ma'auni da kunne ke kamawa. Gajartar sadara ba ta mai da zube waƙa, an faɗi haka shekara 1,600 da suka wuce. Mai dunƙulewa da mai daddatsawa cutarsu ɗaya, dukansu ba su tambayi ma'ana inda take son tsayawa ba.

Ban ce a riƙa rubuta labari ko maƙala ko wasiƙar gida sadara-sadara ba. Wanda ke karatu a zaune da idonsa aya da waƙafi da sakin layi sun ishe shi, in dai an sa su. Wannan rubutun da kuke karantawa ma ba haka na tsara shi ba. Tsarin gaɓa-gaɓa na maganar da za a karanta da ƙarfi ne, ko a fassara nan take, ko wadda kuskure a cikinta ke jawo asara: sanarwa, gargaɗi, ƙa'idar shan magani, jadawalin rabo, huɗuba, jawabi. Yinsa kuwa ba ya bukatar taron bita a otel da kuɗin zama. Umarni ɗaya, sadara ɗaya. Wanda abin ya shafa da ranarsa da wurinsa su zauna tare. Kada ka raba "kada" da aikin da take hanawa, ko adadi da abin da ake ƙirgawa, ko "sai" da abin da ta keɓe. Abin da ya fi muhimmanci ya hau sama, gaisuwa ta sauko ƙasa. Ga sanarwar rabon nan da ta hana mata da maza sakat:

Mata masu ciki za su karɓa ranar Litinin.
Maza za su karɓa ranar Talata.
Ba za a ba kowa ba sai da kati.

Kalma uku aka ƙara, aka taɓa maɓalli sau biyu. Wannan ɗan aikin ne kuke ƙyashi.

A watan Maris 2025 kundin da hukumomin ƙasa suka ƙaddamar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci ya koma harshen aiki. An yi ta tafi, wasunku na cikin masu tafin. To, takardun Hausa za su ƙaru ke nan, kuma a jiha irin tamu, inda Hausa ba ita ce harshen nono na da yawa ba, duk wata sanarwa mai harshen damo za ta zama hujja a hannun mai cewa harshen bai isa aikin hukuma ba. Ƙa'idar rubutu tana nan, an zauna a kanta a Bamako a 1966, an sake zama a Yamai a 1980, ma'aikatar ilimi ta tabbatar da ita a 1999. Hausa ba ta gaza ba, masu riƙe da biro ne suka yi kwance.

Saura ku shugabannin ofisoshi, ranku ya daɗe. Ba ku sa hannu a takardar Faransanci sai kun bi ta sadara-sadara. Ku yi wa ta Hausa haka. Kafin sanarwa ta fita, ku kira mai gadi ko direba, wanda bai shiga taron ba, a karanta masa ita da ƙarfi sau ɗaya, ku ce ya maimaita abin da ya ji. Idan ya faɗi abin da kuke nufi, a buga hatimi. Idan ya faɗi wani abu daban, ku mayar wa sakatare takardarsa ya sake.